Ƙofar da Na Huda Miki a Bayan Gida

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uba ga ɗiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa ki karanta takardar nan cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare miki hanyarki ta gobe, Ya sauke ki Karaye lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a can.

Na san za ki yi dariya. Gida ɗaya muke, daga ɗakina ina jin tarinki, amma ga ni ina aiko miki da wasiƙa ta hannun innarki. To, yi dariyarki. Kin san halina. A kawo mini ƙashin cinya ya rabe biyu, ba na jin ko ɗar, amma in zauna gabanki in faɗi abin da ke raina, sai harshe ya yi mini nauyi. Ga shi kuma sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa nake ce miki Uwani, ni kuwa ban taɓa iya yi wa uwata doguwar magana ido da ido ba. Rubutun ma ki yi haƙuri da shi, hannun da ya saba jan ƙashi ba ya tausaya wa biro.

Innarki ta faɗa mini abin da kika ce mata shekaranjiya kuna gyaran albasa. Kada ki ga laifinta, ni na matsa mata da na ga fuskarta ta canja. Ta ce kin gama tsara yadda za ki yi a makarantar da aka tura ki koyarwa. Za ki riƙa zuwa tun yara ba su iso ba, ki zauna bayan tebur, ki tura sandarki ƙarƙashi, ki ja hijabi ya rufe takalmin ƙarfe, ba za ki miƙe ba sai an tashi kowa ya watse. 'Yan aji ɗaya aka ba ki, kina tsoron su ga tafiyarki su yi dariya, ko su riƙa kwaikwayonki a bayan aji. Tun da na ji maganar nan tuwo bai sake yi mini daɗi ba, domin na gane dabarar. Tawa ce, Uwani. Ni na koya miki ita, kuma kafin ki hau mota ina so in karɓe abata.

Bari in faro daga farko. Kina koyon tafiya, kina dafa bango kina bin kaji, zazzaɓi ya kama ki. Da ya sauka, ƙafarki ta hagu ba ta sake ɗaukar ki ba. Mata suka ce shan inna ne, ni kuwa na ce ba dai a gidana ba. A Aliero aka haife ni, ɗori na gada wurin babana, shi ma wurin nasa baban. Ana kawo mana mutane a kwance daga garuruwa masu nisa, su koma gida da ƙafafunsu. Yaya za a ce ɗiyar maɗori ce ke jan ƙafa? Na lalubi ƙafar nan daga ƙugu har yatsu, ban ji karaya ba, ban ji gocewa ba, ko targaɗe ban ji ba. Hannuna ya faɗa mini gaskiya, na ƙi saurara. Na shafa man shanu, na jera kara, na ɗaure da tsumma, na yi tofi. In na kwance na ga babu canji, sai in sake ɗaurewa. Damina ta wuce, aka dasa albasa, aka cire, ina abu ɗaya. Har ya zama kina ganin na ɗauko kara sai ki ja jiki ki ɓuya bayan randa. Sai da innarki ta goya ki ba da sanina ba ta kai ki asibiti a Jega. Likita ya ce mata babu ƙashin da ya karye, a daina ɗaure yarinya kada a jawo mata wani ciwon. Na yi fushi da ita na kwanaki, alhali ita ce ta cece ki daga hannuna.

A ajinki za ki sami wanda kunnensa ba ya ji sosai, da mai i'ina, da wanda kansa ke ɗaukar karatu a hankali. Wanda asibiti zai yi wa amfani, ki matsa wa iyayensa su kai shi da wuri, kada su yi irin taurin kaina. Amma kada ki riƙa kallon yaro kamar karayar da ke jiran ɗori. Yaro yana gane irin wannan kallo tun bai iya magana ba, kuma yana neman wurin ɓuya. Ki fara sanin sunansa da abin da ke ba shi dariya, sauran sai ya biyo baya.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ciwo, don da alheri na nufe shi. Kin san yadda nake yi in an kawo ƙaramin yaro. Babba ana danne shi ya cije, amma yaro in ya firgita sai ya ƙanƙame jikinsa, ƙashi ya ƙi komawa. Shi ya sa babana ya koya mini in ba shi tatsuniya. Tunda da rana muke aiki, kuma tsofaffi sun ce mai tatsuniya da rana ɓata yake yi a kasuwa in bai ɗaure Gizo ba, sai in yagi ɗan tsumma in ƙulla shi a gaban yaron in ce to, na ɗaure Gizo. Yaro ya tsaya kallon ƙulli, kuka ya ragu, ni kuma in fara.

Labarin Bawa nake ba su, kin fi kowa saninsa. Bawa ya faɗo daga itacen kanya, ƙafarsa ta ƙi tafiya. Yara suka riƙa tafiya fadama su bar shi a ƙofar gida shi kaɗai. Wata tsohuwa ta zo wucewa ta ɗaure masa ƙafa da gamba. Daidai inda tsohuwa ke ja, nan nake jan ƙashin, kafin yaro ya gama ihu an wuce wurin. Sannan in ƙarasa masa: ƙafar Bawa ta miƙe, ya tashi da gudu, ya tsere wa Gizo, yara suka dawo suna rububin wasa da shi, kowa na son Bawa. Ga yaron da ya karye, labarin nan gaskiya ne, don bayan 'yan makonni zai tashi ya yi gudu.

Abin da ban lura ba, kina nan zaune bakin ƙofar zaure kina ji. Kin ji shi ya fi a ƙirga. Wata rana da masu jinya suka tafi, ina tattara kara, kika ce mini, “Baba, in ƙahwar Bawa ba ta miƙe ba hwa, ina labarin ka ƙarewa?” Ban ko ɗago kai ba na ce miki cikin tatsuniya kullum tana miƙewa. Bayan kwana biyu innarki ta same ki bayan rumbu, kin kwaso karan dawa da tsummokarana, kina ɗaure ƙafarki da kanki, kina tofa mata yawu kamar yadda kika ga ina yi. Ke da ke gudun kara, ke ce kika koma nemansa, domin na sanar da ke cewa yara ba sa dawowa wurin Bawa sai ƙafarsa ta miƙe. Innarki ta faɗa mini tana kuka. Na ji zafi ƙwarai, amma washegari aka kawo wani yaron, na sake ba shi labarin yadda yake, don shi kaɗai na iya.

Ki kula da ƙarshen labari, Uwani. Ƙananan yara sukan manta tsakiya, amma ƙarshe suna tafiya da shi gida. In kullum makaho sai idonsa ya buɗe kafin a so shi, kurma sai ya ji kafin a kira shi wasa, to kin koya wa masu lafiya su jira, kin koya wa wanda ba zai warke ba cewa shi ba a zo kansa ba tukuna. Ki tuna kuma da tatsuniyoyinmu na gida, yadda gurgu da kuturu da makaho ba sa shigowa sai in ana neman abin dariya. Mun ji su haka wurin kakanninmu, mun yi dariya, ba mu waiwaya mun ga wa ke zaune a gefen tabarma ba. Ba na ce ki zubar da su ba. Kafin ki buɗe baki dai ki dubi fuskokin da ke gabanki, ki tambayi kanki wa zai sunkuyar da kai in kin kai ƙarshe.

Yanzu na zo kan abin da ya fi ba ni kunya. Da kika isa shiga makaranta, aka yi miki takalmin ƙarfe, kika fara tafiya da sanda, kullum da safe ta zaure kike bi, daidai lokacin da masu jinya suka cika shi. Wata rana na ji wani baƙo yana yi wa ɗan'uwansa raɗa, wai mutumin da ya kasa gyara ƙafar ɗiyarsa, yaya zai gyara ta wani. Maganar ta hana ni sakat. Cikin makon nan na kira magini ya huda katangar baya, wajen turken awaki, aka sa ƙyaure. Na ce miki na yi ne don dokin ƙofar zaure ya yi miki tsawo, kada ki riƙa wahala. Har godiya kika yi mini. Da dokin ƙofa ne damuwata, da fartanya ɗaya ta ishe ni in rage shi. Sunana nake karewa, da abincin da nake samu.

Tun daga ranar ta nan kike fita, ta nan kike dawowa. Firamare, sakandare, har karatun koyarwa, duk ta gaban awaki kika je kika dawo. Akwai mutanen da suka shekara suna zuwa zaurena ba su san ina da ke ba. Ban taɓa hana ki bin zaure da baki ba, ke ma ba ki taɓa tambaya ba, amma mu biyun mun san abin da ƙofar take nufi. To, teburin da kike shirin ɓuya bayansa, ƙofar nan ce kika ɗauka za ki tafi da ita Karaye. Ki yafe mini, ɗiyata. Na yi miki laifi, kuma ban da hujja.

Akwai lokacin da na so in gyara, na kuma ɓata ta wani gefen. Kina 'yar budurwa lokacin, ƙannenki sun taru, na ce yau zan ba da sabon labarin Bawa. Na mai da shi gurgu mai haƙurin da ba a taɓa gani ba. A zage shi ya yi murmushi, a hana shi ya gode, ya fi kowa karatu, ya fi kowa ladabi, ƙarshe duk gari suka zo neman gafararsa. Ina gamawa ina jiran yabo, kika taɓe baki kika ce, “Baba, wanga Bawan naka ba yaro na ba, waliyyi na. Ko mangwaro guda bai taɓa sata ba? Ni dai ba ni wasa da shi.” Ƙannenki suka fashe da dariya, ni ma ban san lokacin da na yi ba. Kuma ke kika fi kowa cancantar faɗin haka, tunda duk unguwa an san wace ce ke maƙalo mangwaron maƙwabta da sanda ta kan katanga. Sau nawa aka kawo mini ƙararki, ina yi miki faɗa ina danne dariya?

Gaskiyarki ce kuwa. In kin sa yaro mai lalura cikin labari, ki bar shi ya zama yaro. Ya yi rowa wata rana, ya yi tsokana, ya yi kuskure a yi masa faɗa, ya ba da dariya don ya iya ban dariya. Yara ba sa abota da wanda aka ɗora musu a kai a matsayin wa'azi, gaishe shi kawai suke yi su wuce. Kada kuma kowane labarinsa ya zama labarin ƙafarsa ko idonsa. Wani lokaci akuyarsu ce kawai ta ɓata, aka fita nema da shi.

Abin da ya sa na iya rubuta miki duk wannan, wata yarinya ce daga Fagada, sunanta Saude. Ba ki san zancenta ba, kina makaranta lokacin. Bara aka kawo ta, ta faɗo daga amalanke, an ɗaure mata ƙafa a gida tamau, an kuma daɗe kafin a kawo ta. Na ƙulla tsummana, na fara mata labarin Bawa ina kwance ɗaurin. Ina kaiwa inda tsohuwa ta zo wucewa, na ga launin ƙafar, na ji warinta. Nan na tsaya. Na ce wa babanta wannan ta fi ƙarfin kara, su wuce asibiti yanzu-yanzu. Allah Ya tsare ranta, amma ƙafar ba ta tsira ba, an yanke ta daga gwiwa.

Bayan watanni babanta ya kawo ta gaishe ni, ranar kasuwa, tana dogara sanda. Muna gaisawa da shi, sai ta ja mini riga ta ce, “Baba mai ɗori, ba ka ƙare min labarin Bawa ba. Ƙahwatai ta miƙe?”

Uwani, tambayarki ce ta dawo mini a bakin wata. Na dubi inda zanenta ya faɗa babu komai a ciki, na ga ba ni da inda zan gudu. Na ce mata a'a, ba ta miƙe ba. Tsohuwa ta kwance gamba ta ce wannan ba ta ɗauri ba ce, ta saro masa sanda mai ƙugiya. Bawa ya dogara ya bi yara fadama. Sai ta katse ni ta ce, “Sun jira shi?” Na ce ke mi kinka gani? Ta ce, “Su jira shi mana. In ba su jira ba shi ƙwala musu sanda.” Duk zauren aka yi dariya, har wani mai karayar haƙarƙari yana roƙon a bari.

Haka muka ƙarasa shi, ita da ni. Yara suka rage sauri, a bakin lambatu babban cikinsu ya ba shi kafaɗa ya tsallaka. Suka iske Gizo yana satar albasa, suka kore shi tare. A gindin kanya Bawa ya maƙalo 'ya'ya da ƙugiyarsa, wurin rabo ya ɓoye manya a aljihu, aka gane, aka yi rigima, aka shirya. Suka shagala da wasa har rana ta faɗi, da suka dawo gida iyaye suka jera su suka yi musu faɗa. Ta ce har Bawa? Na ce har shi, shi ma aka ja masa kunne. Wurin nan ya fi ko'ina yi mata daɗi, sai da ta sa na maimaita. Da suka tafi na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba, ina tunanin yarinyar da ta yi mini wannan tambayar shekaru da yawa da suka wuce na ba ta amsa ko kallonta ban yi ba. Wannan ƙarshen naki ne, Uwani. Ya zo a makare, amma ga shi na kawo miki.

Ga shawarata game da ranarki ta farko, kuma daga sana'ata na ɗauko ta. Ban taɓa ɗaure yaro da abin da bai taɓa da hannunsa ba. Nakan ba shi kara ya riƙe, ya shinshina man shanu, ya ja tsumma. Abin da aka rufe shi ke ba yaro tsoro, shi kuma yake yi wa dariya a ɓoye. Saboda haka ki bari sai sun shiga sun zauna, sannan ki shigo ta ƙofa da sandarki, da irin tafiyarki. Za su kalle ki, ki bar su su kalla. Wani zai tambaya, don yaro ba ya riƙe tambaya, ki ba shi amsa a taƙaice: ciwo na yi ina ƙarama, wannan ƙarfen shi ke taimaka mini. Mai son ya taɓa ya zo ya taɓa. Ba zan yi miki ƙarya ba, wataƙila wani ya kwaikwayi tafiyarki, kuma zai yi miki zafi. Ki kira shi, ki ba shi sandar ya gwada zagaya aji da ita, sannan ki ja masa kunne kamar yadda malama ke yi wa kowane mai rashin ji. Kafin mako ya zagayo za su koma gardamar wa zai ɗauko miki alli.

Ki tuna kuma, a Karaye ma akwai gidan da aka ajiye wani yaro a bayan ɗaki, kamar yadda babu garin da ake rasa irinsa. 'Yan ajinki za su koma gida su ce malamarmu da sanda take tafiya, kuma ta iya tatsuniya. Maganar za ta kai kunnen wani uba irina. In kina bayan tebur ba abin da zai ji.

Na sa miki ɗan tsumma cikin takardar nan, daga cikin waɗanda nake aiki da su. Da rana za ki riƙa ba su labari, to ki ɗaure Gizo a gabansu, kada gwaggonki Rabi ta aiko mini cewa malama guda ta ɓata a kasuwar Maiyama da ke kusa da ku. Ki gaishe ta, ki yi mata biyayya tunda a gidanta za ki zauna, ki kuma yi haƙuri da yawan maganarta, a jininmu yake. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa shafa mai inda ƙarfe ke gugar ki, kada ki bari sai ya yi ciwo.

Allah Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya kare ki daga sharrin baki da na hanya. Allah Ya sa yaran nan su so ki, ke ma ki so su, Ya sa albarka a abin da za ki koya musu. Allah Ya yi miki albarka, Ya yafe mini abin da na gaza a kanki.

Saura roƙo ɗaya. Gobe da hantsi zaure zai cika, akwai masu zuwa kwance ɗauri, akwai baƙi daga nesa. Jiya na sa fartanya na rage dokin ƙofar, aikin bai ɗauke ni ko lokacin shan ruwa ba. In kin shirya kayanki, kada ki bi ta wajen awaki. Ki biyo ta zaure. Ko ƙashin wa ke hannuna zan ajiye, in miƙe tsaye in ce musu, “Wagga ɗiyata ta, malama ta, za ta Karaye koyarwa.” Ni zan riƙe miki jaka har bakin mota.

Wassalam.

Naki,
Babanki